Igiyar Ƙafar Baba Maikano

Zuliha ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin ɗakin shan magani a mazaɓar Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram. Da aka saka sunanta cikin masu zuwa bita a Birnin Kudu, ba ta ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Ta sha zuwa bitar rigakafi da ta awon ciki, ta san yadda ake yi: a kunna majigi, a raba lemo, a watse. Wannan karon kuwa bitar a kan kare manya masu rauni ce, wato tsofaffi da naƙasassu da masu taɓin hankali, waɗanda ba su iya kare kansu ko a cikin gidajensu.

Mai koyarwar, Hajiya Kubra, dattijuwa ce da ta daɗe tana aikin jinya kafin ta koma sashen walwalar jama'a. Ba ta cika kallon majigin ba, yawo take tsakanin kujeru tana magana. Ta ce cutar da babba ba kullum take zuwa da duka ko zagi ba. Wani lokaci ƙulle ne, wani lokaci yunwa, wani lokaci kuma a bar mutum cikin ƙazantarsa. Ta ce su riƙa lura da ciwon da bayaninsa bai dace da kamanninsa ba, da kuma majinyacin da duk tambayar da aka yi masa sai wanda ya kawo shi ya riga shi amsawa.

A nan ne zama ya gagari Zuliha. Baba Maikano ne ya faɗo mata a rai, wani tsoho ɗan unguwar da ke bayan kasuwar Sara, wanda gigin tsufa ya kama. Sau da yawa ɗansa Zulkifli, direban motar haya da ke zirga-zirgar Kano, yana kawo shi wankin wani gyambo a idon sawunsa na hagu. Zulkifli ya ce takalmin roba ne ya ci masa ƙafa. Ita kuwa ta wanke, ta sa magani, ta ɗaure, ta ce a canza takalmi. Sai yanzu ta tuna cewa ciwon ya zagaye ƙafar ne kamar munduwa, kuma tsohon ba ta taɓa ganinsa da takalmi ba.

Ta gyara zama, ta sake gyarawa. Wata abokiyar aikinta daga Kiyako da ke kusa da ita ta tambaye ta ko cikinta ne ke ciwo. Da aka tashi sallar Azahar ba ta bi layin abinci ba, ta tsare Hajiya Kubra a bakin ƙofa ta zayyana mata komai. Ta ce ita yanzun nan za ta hau mota ta koma, in ta kama ta biya ofishin 'yan sanda sai ta biya.

Hajiya Kubra ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "To shi Baban, me ya ce miki?"

Sai a lokacin Zuliha ta farga. Ba ta taɓa tambayarsa komai ba, ko sunansa daga bakin ɗan ta ji.

Hajiyar ta ce mata zargi dai zargi ne, sai ta gani da idonta. In ta tarar ransa na cikin haɗari, kada ta jira kowa. In kuwa ba haka ba, to ta fara sanar da shugabanta na wurin aiki, ta ji ta bakin tsohon, ta kuma ji ta bakin masu kula da shi, domin wanda ya ɗaure ubansa ba kullum mugu ba ne, wani dabara ce ta ƙare masa. Ta ba ta lambar wayarta, ta ce ta dawo ta zauna a ƙarasa darasin yamma, don abin da za a faɗa a cikinsa shi take bukata.

Ta zauna ɗin, amma rabin hankalinta yana Sara. An raba su rukuni-rukuni ana gwada yadda ake yi wa mai gigin tsufa magana: a durƙusa daidai idonsa, a kira sunansa, a yi tambaya ɗaya a jira. Da aka zo kanta ta jero tambayoyi a jere har wanda ke wasan tsohon ya yi dariya. A motar komawa ma haka ta yi ta leƙen hanya, duk tsayawar da direba ya yi don sauke fasinja sai ta ji kamar ta fita ta ƙarasa da ƙafa.

Washegari da safe ta sanar da shugaban ɗakin shan maganin, ya ce ta je a matsayin mai duba gyambo. Ta ɗauki auduga da bandeji ta nufi gidan. Zulkifli ya riga ya fita da mota. Matarsa Turai ce ta amsa sallama, ga ciki ya tsufa, ga tukunya a kan murhu. Da ta ji abin da ya kawo Zuliha sai ta ce Baba yana barci. Daga wani ɗaki a kusurwar gidan kuwa ana jin muryarsa yana kiran shanu.

Zuliha ta nemi izini ta shiga. Ta same shi zaune kan tabarma, ɗakin a share, ga kwanon koko a gefe. Igiyar rama ce a ƙafarsa, an naɗa tsumma a ƙarƙashinta don kada ta ci naman, ɗayan bakin kuma an ɗaure a wani turke da aka kafa a jikin bango. Ranta ya ɓaci. Maganar da ta zo bakinta ta haɗiye ta da ƙyar, ta durƙusa a gabansa ta gaishe shi.

"Baba Maikano, ina kake son zuwa?"

Ya daɗe yana kallonta. Har ta buɗe baki za ta ƙara wata tambayar, ta tuna, ta rufe.

"Gona," in ji shi. "Ruwa ya sauka, kowa ya fita. Ni an bar ni da mata."

Turai, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta juya baya. Da Zuliha ta fito ta same ta tana share hawaye da bakin zani. Ba sai an matsa mata ba, ita ta fara magana. Ta ce bara da damina Baba ya fice, aka wuni ana nema, aka same shi a bakin rafi ruwa har gwiwa. Wata rana kuma saura ƙiris tirela ta take shi a kan kwalta. In ta tare shi a zaure yakan ture ta, har ta taɓa faɗuwa da wannan cikin. 'Yan'uwan mijinta duk suna Kano, sai dai su bugo waya su ce a kula da Baba. Igiyar nan Zulkifli yana kuka ya ɗaura ta, kuma ya ja mata kunne kada kowa ya sani, don kada a ce ya ɗaure ubansa kamar akuya.

Zuliha ta wanke gyambon ta ɗaure, ta roƙi Turai a bar ƙafar a sake muddin ita Zuliha tana gidan. Ta fita bayan danga ta kira Hajiya Kubra. Hajiyar ta ce igiyar dole ta fita, amma in aka cire ta ba a sa komai a madadinta ba, to gobe za ta koma, kuma ƙofar gidan za ta rufe wa Zuliha har abada. Ta ce mutum biyu ne ke bukatar kariya a gidan nan, kada ta manta da mai cikin.

Zulkifli da ya dawo ya ji labari, bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya zo har wurin aikinta yana faɗa, ya ce an turo ta wanke ciwo ne, ba leƙen asirin gidan mutane ba. Ta bar shi ya sauke duk abin da ke cikinsa. Ta ce masa ba ta faɗa wa kowa ba sai shugabanta da mai koyar da su, amma ba za ta iya yin kamar ba ta gani ba. Ko dai su zauna da mai unguwa a nemi mafita cikin rufin asiri, ko kuma ta kai maganar ofishin walwalar jama'a a Gwaram, su zo da kansu. Ya juya ya tafi. Kwanakin da suka biyo baya Zuliha ba ta da sukuni. Tana cikin gwada jinin wata sai ta tsinci kanta tana leƙen taga, ko ta ɗauki waya ta ajiye.

Mai unguwa da kansa ya aiko a kira ta. Ashe Zulkifli ne ya je ya same shi. Aka zauna a zauren mai unguwar, har da Malam Safiyanu, abokin Baba Maikano tun suna samari, wanda ya ce shi an ce masa Maikano ba ya son ganin mutane, shi ya sa ya ɗauke ƙafa. Aka yanke cewa kullum da hantsi Malam Safiyanu zai zo ya tafi da shi majalisarsu ta gindin darbejiya, ranar da ya ji ƙarfi kuma su taka zuwa gonar bayan gari. Aka sa wa ƙofar zaure sakata a can sama. Aka gaya wa 'yan acaɓa da masu shago da direbobin tasha cewa duk wanda ya ga tsohon shi kaɗai ya riƙe shi da hira ya kira gida. Wata ƙanwar Zulkifli da mijinta ya rasu ta yarda ta dawo daga Kano har Turai ta haihu. Zuliha ta shirya a kai shi babban asibiti likita ya duba shi. A ranar da aka yi zaman nan Zulkifli ya tuge turken.

Abin bai tafi sumul ba. Wata ranar kasuwar Sara, Malam Safiyanu ya shiga masallaci alwala, kafin ya fito Baba ya ɓace cikin jama'a. Zulkifli yana hanyar Kano aka gaya masa, ya kira Zuliha ya ce in wani abu ya sami ubansa, ita ce. Ta bar aiki ta shiga kasuwa, daga 'yan hatsi zuwa kara wajen 'yan shanu, daga kara zuwa 'yan tumatir, tana tambaya, gumi ya jiƙa mata hijabi, a ranta tana ta juya ko ita ce ta yi gaggawa. Wajen la'asar wani ɗan acaɓa ya zo ya ɗauke ta zuwa tasha. Can ta sami Baba a kan benci, direbobi sun saya masa rake, yana ba su labarin farashin shanu na zamanin da babu ɗayansu da aka haifa.

Ta ɗauka igiya za ta koma a ranar. Igiyar ba ta koma ba, amma Zulkifli ya daina gaishe ta, ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai. Daga baya ta ji ya bar layin Kano ya koma ɗaukar fasinjan Gwaram zuwa Birnin Kudu, don ya riƙa kwana a gida, duk da cewa samun bai kai na da ba.

Bayan kaka, aka sake kiran su Zuliha zagaye na biyu na bitar. Ta tsaya bakin titi ta tsayar da mota, sai da ta shiga ta ga Zulkifli ne a sitiyari. A kujerar gaba Baba Maikano ne zaune, an sa masa farar riga da hula, gilashin gefensa a rufe, yana kiran sunan duk ƙauyen da suka wuce, wani ya dace wani ya kuskure. Ta gaishe shi. Ya waiwayo ya dube ta, ya tambayi ɗansa 'yar wa ce wannan.

"Malamar asibiti ce, Baba," in ji Zulkifli, idonsa a kan hanya. Can kuma ya ƙara da cewa, ba tare da ya juyo ba, Turai ta sauka, an sami mace, in ta samu sarari ta leƙa ta duba cibiyar jaririyar.