Ruwan Famfon Haji Marzuki

Haji Marzuki ya murɗa famfon kicin, ya tara kofin gilashi har ya cika, ya juyo ya miƙa wa matata. Haka kawai, daga bakin ƙarfe zuwa kofi, ba tukunya ba wuta.

Na yi wuf na riƙe mata hannu. "Salbiah, ajiye."

"Bar ta ta sha, Leman," in ji shi, yana dariya da haƙoran nan nasa na saye. "Nan Singafo ce, ba tsibirinmu ba. Jariri ma da wannan ake dama masa madara."

"Tsibirinmu? Yaushe rabonka da shi?"

Salbiah ta zare hannunta a hankali. Baƙin tabarau ne a fuskarta, domin da safe likita ya ɗiga mata maganin da ke buɗe ido, komai dishi-dishi take gani. "Abang, ƙishirwa nake ji," ta ce da ni. Kafin in kai hannu jaka in ciro filas, ta kafa kai ta shanye tas. Ta goge baki da gefen mayafi, ta juya wajensa. "Na gode, Abang Zuki."

Abang Zuki. A harshenmu Abang yaya ne, da shi mace take kiran mijinta. Fiye da shekara arba'in, in ta ce Abang, ni kaɗai nake waiwayowa. Yau ga mu mu biyu a kicin ɗaya muna raba suna.

Ni Leman, ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da ɗan yatsa nake dangwalawa. Amma ku tambayi duk masuntan tsibirinmu wane ne jirginsa ya kife a tsakiyar teku ya kwana rungume da jarka, rana ta fito ta same shi yana waƙa. Ku tambaye su wane ne kifin nan mai bulala ya soka a cinya, ya ɗaure da igiya, ya ƙarasa jan komarsa kafin ya nemi magani. Tsararrakina yawancinsu suna ƙarƙashin bishiyoyin maƙabarta, ni kuwa har yau da haƙorana nake ɓare rake.

Marzuki kuwa, tare muka taso. Shi ya fara zuwa zance wajen Salbiah, ba na musu. Sai ya ce zai tsallaka Singafo ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya dawo da abin aure. Ya tafi, ya ga fitilu, ya manta hanya. Ni da na tsaya na aure ta. Bara matarsa ta rasu. Kuma a duk mutanen da ke birnin nan, shi 'yarmu Norlia ta ga damar roƙa ya tarbe mu a tasha ya kai mu asibiti, wai an hana ta hutu a wurin aiki. Ya zo da mota, da farar hula, da turare kamar ango.

Maganar ruwa kuma ba tsurfa ba ce. Shekarar da amai da gudawa suka shiga tsibiri, ni ma na kwanta har an fara karanta mini Yasin, na tashi. Ɗanmu na fari, Ilyas, bai tashi ba. Yana rarrafe ya tsoma baki a bokitin ruwan rijiya. Tun daga ranar da muka dawo daga binne shi, ɗigon ruwa bai wuce maƙogwaron Salbiah ba sai na tafasa shi da hannuna. Ruwan sama nake tarawa a tanki, in hura wuta da ɓawon kwakwa bayan sallar asuba, in bar shi ya yi ta ɓararraka, in juye a filas. Maza sun yi mini dariya, sun ce aikin mata ne. Masu dariyar yanzu ina suke?

To, wannan matar ce wani ya ba ɗanyen ruwa a gabana, ta sha, har da godiya.

"Ku zauna, ku zauna," in ji Marzuki. Gidan nasa can sama yake, kusa da inda tsuntsaye ke juyawa, ɗakuna kamar akwatin ashana. Ya buɗe tukunya, ƙamshin miyar kifi mai tsami da barkono ya cika ɗakin. "Da kaina na dafa. Na tuna Salbiah tana son ta da kuɓewa a ciki."

"Kai, Abang Zuki, har yanzu ba ka manta ba?" Ta yi wata 'yar dariya da rabon da in ji irinta tun kafin ta yi furfura.

Na ɗaga kifin da cokali, na leƙa idonsa. "Wannan ya fi mako a ƙanƙara. A wurinmu kyanwa ake jefa wa irinsa."

"Kyanwar tsibiri ta ji daɗinta," in ji shi. "Ci a hankali dai, tsoho, na zuba barkono. Ko in kawo maka madara?"

"Wa kake ce wa tsoho? Kai da ka girme ni da damina guda? Miƙo kwanon yajin nan."

Na kwashi yaji cokali bayan cokali na zuba a kan shinkafata har ta koma ja. Ba zan ɓoye ba, barkonon birni mugu ne, ba ya sallama. Loma ta farko na ji kunnuwana sun toshe. Marzuki ya tura mini kofin ruwan famfonsa. Na ture shi da bayan hannu, na ciro filas ɗina, na tsiyaya a murfi, na sha yana kallo.

"Ka san kuwa," in ji shi, yana zuba wa Salbiah romo, "nan ko ruwan da aka yi wanka da shi ba a zubarwa a banza. Tacewa suke da injuna har ya fi ruwan sama tsabta, su mayar da wani cikin madatsa."

Na ajiye cokali. "Wato ruwan wankan mutane ka ba matata."

"Kai ma kifin da kake ci, a ina kake tsammani yake fitsari?"

Salbiah ta ƙyalƙyale har tabarau ya zame mata. Ban ga abin dariya ba. Na ƙara yaji, na ƙara tsiyaya ruwa. Suka shiga hirar da, wane ya mutu, wance ta koma wurin jikoki, bishiyar mangwaron da ke bayan masallaci tana nan kuwa. Kowane suna ta kira sai ya ce, "Allah sarki." Ya nuna mata yadda gidan yake shiru tun da matarsa ta tafi, wai har da rediyo yake magana. Ni dai ina ci, ina zufa, ina tsiyaya.

Da aka gama, ta lalubo ƙullin magani a jakarta. Likita ya ce sai hawan jininta ya sauka kafin a cire yanar idon wata mai zuwa, ƙwaya ɗaya bayan abinci. Marzuki ya miƙe zumbur ya nufi famfo da kofi.

"Zauna," na ce. "Ɗazu na ƙyale don baƙunta. Magani kam da ruwana za ta sha. Tun kana ɗaukar buhu a ka nake dafa wa matar nan ruwa."

Na ɗaga filas. Sai na ji shi sakayau a hannuna. Na ɗan girgiza a ƙarƙashin tebur, ko ƙara babu. Barkonon mutumin nan ya sa na shanye ruwan matata har ɗigon ƙarshe.

Da wani ne, da ya daburce. Ni da na kwana a teku ba na daburcewa. Na tura filas cikin zanen da na ɗaura, na dafe ciki. "Bari in kama ruwa tukuna. Kada wanda ya ba ta komai kafin in fito."

"Na ce maka ka ci a hankali," in ji Marzuki. "Ƙofa ta biyu. In ka ga maɓalli kada ka taɓa, ba rijiya ba ce."

Na kulle ƙofa, na tsaya gaban famfo. A nan ne gabana ya faɗi, domin fuskar Ilyas ce ta zo mini, da leɓensa da suka bushe. Na ce wa kaina, Leman, fita ka ce a ɗora buta a wuta, minti nawa ne. Sai na jiyo muryarta ta bango tana cewa, "Abang Zuki," da dariyarsa a kai. In na fita na roƙi tukunyarsa da wutarsa da ruwansa, me ya rage nawa?

Na tara hannu na kurɓa. Warin magani, kamar farfajiyar asibiti. Na haɗiye, na tsaya ina sauraron cikina. Shiru. Na ƙara kurɓa mai yawa, domin in guba ce ta fara da ni. Ita ma ai ta sha kofi guda ɗazu, ga ta can tana dariya.

Saura matsala ɗaya. Ruwan filas da ɗuminsa yake, wannan kuwa sanyi ƙalau. Na duba bango na ga wani farin akwati a saman abin wanka, da jan ɗigo a gefe guda. Ba sai mutum ya yi boko zai san ja wuta ce ba. Na murɗa wajen jan, na jira har tururi ya fara tashi, na tara filas. Ruwan da ya ga wuta ai ya ga wuta. Na rufe, na goge jikinsa da rigata, na yi bisimilla na fito.

Na tsiyaya a murfi na sa mata a hannu. Ta jefa ƙwaya a baki, ta kurɓa. Ta ɗan dakata, murfin yana bakinta. Ban iya ganin idonta ba saboda tabarau. Sannan ta shanye, ta yi ajiyar zuciya.

"Ka ji ruwa, Abang Zuki," ta ce. "Kada ka ji haushi, naku yana kashe ƙishirwa, amma ba ya kwanciya a rai. Ni wanda mutumin nan ya miƙo mini shi ne ruwa."

Na gyara zama, na ji kamar an ƙara mini tsawo.

Marzuki ya zuba wa filas ido. Sai ya miƙo kofinsa. "Ɗan sam mini, Leman. Rabona da ruwan tsibiri tun rasuwar innata."

Da na hana, da ya zargi wani abu. Na tsiyaya masa kaɗan. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Da ya buɗe su, sun cika da ƙwalla.

"Wallahi shi ne," ya ce. "Har hayaƙin ɓawon kwakwa nake ji. Kamar ina zaune a bakin murhun inna." Ya share ido da hularsa. "Ka riƙe abin da ka riƙe, Leman. Ni bango na samu."

"Ai na gaya maka," na ce.

Ya mayar da mu tasha da la'asar. A cikin jirgin ruwa na zaunar da ita kusa da taga, ni kuma na zuba mata ido. In ta motsa sai in ce, "Cikin ne?" In ta yi hamma sai in taɓa goshinta. Dogayen gine-ginen suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har suka zama kamar haƙoran mataji. Ba abin da ya same ta. Ni ne ma barkono ya sa na ziyarci bayan gidan jirgi.

Da na dawo na tarar ta cire tabarau tana kallon ruwa, filas yana kan cinyarta.

"Abang."

"Na'am."

"Gobe kafin ka zuba sabo, ka wanke wannan da toka. Warin famfon Zuki ya kama shi."

Injin jirgi ya yi ta gurnani a ƙarƙashinmu.

"Ido ne ya lalace," ta ce, "hanci yana nan." Ta ɗora hannunta a kan gwiwata, ta bar shi a wurin. Har na fara jin sanyi a ƙirji, sai ta ƙara da cewa, "In za mu dawo aikin idon, ka dafa filas biyu. Bawan Allah ya yi kuka a kan ruwan banɗakinsa. Ka kai wa Abang Zuki na gaske."

Na ce to. Mutum irina ba ya musu da mace mai hawan jini a tsakiyar teku. Zan dafa masa, zan kai masa har sama inda yake. Amma nasa a kan gas ɗin maƙwabta zan ɗora shi. Hayaƙin na mutum ɗaya ne.