Ranar da Saude Ta Koya wa Ummanta Sunanta

Shekarar Saude huɗu, amma tambayarta ta fi ta alƙali. Me ya sa gyaɗa take ɓuya a ƙasa, dawa kuma take tsaye kowa yana ganinta? Wa ya nuna wa kaza hanyar gida? Mahaifiyarta Ikilima takan amsa abin da ta iya, sauran ta ce a jira babanta ya dawo daga gona.

Saude ce 'yar farinta, kuma a gidansu na Jajaye mace ba ta kama sunan ɗan fari. Kunya ce, haka aka taras. Sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ƙaninta Mujahid kuwa, har waƙa ake yi da sunansa.

Wata rana da hantsi Ikilima tana ɓarar gyaɗa tare da surukarta, Iya Asma'u, sai ga Saude ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Umma, mene ne wannan?"

"Faifai."

"Waccan fa?" Ta nuna akuya.

"Kyalla ce."

"Wannan fa?"

"Mujahid mana. Yau kuma jarrabawa ake mini?"

Ikilima tana dariya, tana son ganin inda yarinyar ta dosa. Sai Saude ta ɗora yatsa a ƙirjinta.

"Wannan fa?"

Dariyar ta tsaya cak. Ikilima ta saci kallon surukarta, ta sunkuyar da kai kan gyaɗa.

Saude ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta daɗe tana zargin abu, yau ta tabbatar. "Dama na ce ba ki sani ba. Kin san na akuya, nawa ne ya yi miki wuya. Ba komai, Umma, zan koya miki." Ta matso, ta buɗe baki a hankali. "Ce Sa. Ce u."

Tausayi ya kama Ikilima. Ita ma 'yar fari ce. Ta tuna yadda take laɓewa bayan rumbu a garinsu Karaye, lokacin tana ƙarama, tana tunanin ko tsinto ta aka yi, don ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Sai da ta girma ta gane dalili, amma ganewar ba ta cire mata ciwon ba.

Iya Asma'u ta ƙara ƙarfin murza ɓawo. "Ni fa kunnena ya yi nauyi kwanan nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba na jin komai."

Ikilima ta jawo yarinyar jikinta.

"Saude," ta ce.

Saude ta zuba mata ido, sannan ta washe baki.

"Kin gani? Ba wuya. Gobe ma zan tambaye ki, Umma. Kada ki manta."