Agogon Saba Yana Baya da Awa Ɗaya

A kamfanin jigilar kaya kowa Injiniya yake ce mata, ko da yake kwas ɗin wata tara kawai ta yi. Ita ke kula da shafin kamfanin na intanet, da sabar da ke ɗauke da shi, wani baƙin akwati mai gurnani a ƙuryar ɗakin ajiya. Duk wanda ya taɓa shafin sai sabar ta rubuta layi ɗaya a rajistarta: lokaci, lambar adireshin mai shiga, da abin da ya yi.

Ranar Litinin shafin jadawalin motoci ya ɓace. Sai safiyar Talata aka lura, bayan masu kaya sun yi ta kira suna faɗa. Tana cikin maido da shi daga ajiya Manaja ya leƙo.

"Ƙarfe nawa aka goge?"

Ta duba rajista. "Uku da minti arba'in, ranka ya daɗe."

Bai jira sauran ba. Kalmar sirri ɗaya duk ofishin ke amfani da ita, ga shi a wannan lokacin mutum ɗaya ne a bakin kwamfutar gaba: Baba Magatakarda, dattijon da ya shekara ashirin yana buga takardun kamfanin da yatsu biyu. Kafin azahar an miƙa masa takardar tuhuma.

Da la'asar ya zo ya tsaya a bakin ƙofarta, tabarau a hannu.

"'Yata, wai na'urarki ce ta ce ni ne?"

"Lokaci kawai ta nuna, Baba."

"To ni da ko wajen gogewar ban sani ba. Jikana ke share mini saƙo a waya." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juya.

Washegari ta zauna ta bi rajistar sosai. Layi dubu goma sha ɗaya ne na ranar Litinin kaɗai, yawancinsu na'urori ne masu yawo suna ƙwanƙwasa kowane shafi a duniya. Ta tace su, ta zubar. Idonta na zafi, bayanta na ciwo, shayinta ya huce har ya yi fata. Can ta ci karo da layinta, shigarta ta farko a ranar: bakwai da minti biyar.

Ta yi tsaki. Yaushe rabonta da ganin ƙofar ofis ƙarfe bakwai? Sai ta kai yara makaranta, ta tsaya ta ba surukarta magani, takwas ma da kyar. Ta tambayi sabar lokaci, ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Awa ɗaya cur a tsakani. Shekara uku da suka wuce ita ta kafa sabar da hannunta, ta bar ta a kan lokacin da ta zo da shi, tana cewa gobe za ta gyara.

Ashe biyar saura minti ashirin aka goge. Baba kuwa ƙarfe huɗu yake tashi, duk ofis an san haka, saboda motar unguwarsu. Adireshin da ke layin ma ba na ofis ba ne, na wayar hannu ne. Ta bi shi baya. Minti biyu kafin gogewar, wannan adireshin ya buɗe shafin amincewa da hutun ma'aikata, wanda mutum ɗaya ne ke da mabuɗinsa.

Ta daɗe zaune, hannu a goshi. Sannan ta buga layukan a takarda ta hau sama ofishin Manaja.

Manaja ya karanta sau biyu. Ya ciro wayarsa ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"A mota nake," in ji shi a hankali. "Wani abu ya fito, na danna don ya kauce."

"Haka na zata, ranka ya daɗe."

"Amma ke kika ba ni lokacin ƙarya."

"Ni ce. Agogon na baya, kuma laifina ne."

Kamar ta sauke masa kaya. Ya gyara zama, ya yi mata huɗubar kusan rabin awa a kan sakaci, tana tsaye tana kallon igiyar labule. A ƙarshe ya ce ta karɓo takardar daga wajen dattijon, kuma kada maganar ta wuce nan.

"Ba za ka kira shi da kanka ba?"

"Ina da taro."

Ta tarar da Baba yana rubuta amsar tuhuma, ya kai shafi na uku, har da lissafin shekarun da bai taɓa fashi ba.

"Bar shi, Baba. Ba kai ba ne. Agogona ne ya yi maka sharri, ka yafe ni."

"To wane ne?"

Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi matattakala, ya ninke takardunsa ya sa a aljihu.

"Jiya ban iya cin abinci ba," ya ce. "Uwar yara ta ɗauka zazzaɓi ne, har ta dafa mini ganye."

Ta koma ɗakin ajiya. Gyaran agogon bai kai minti ɗaya ba. Ta sa rajistar ta riƙa rubuta irin na'urar mai shiga, ta yanka wa kowa kalmar sirrinsa, mutum goma sha huɗu, ta san gobe rabinsu za su manta su zo mata. Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Maman yara, gas ya ƙare. Ki biya ta wajen mai cikawa ko in je?"

"Ka je," ta ce, tana laluben takalminta a ƙarƙashin tebur.