Ranar da Makami Ya Faɗa Poland

Daso tana kicin tana yanka wa tsohuwar da take jinya tuffa, sai ta ji an ambaci Poland a talabijin. Ta ajiye wuƙar ta fito falo, hannunta a jiƙe.

Aikinta ke nan tun zuwansu Greensboro daga Kano, kula da tsofaffi a gidajensu. Wannan tsohuwar Baturiya ce, ita kaɗai take zaune a Summerfield, a wani gida mai ƙaton fili, dawakan maƙwabta suna kiwo a bayansa. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa kullum talabijin ɗinta a ƙure take. A ƙasan allon jan rubutu yana gudu: makami mai linzami ya faɗa wani ƙauye a Poland kusa da iyakar Ukraine, mutum biyu sun mutu, ana zargin na Rasha ne.

Haidar, ɗan Daso na fari, yana Poland. Sojan Amurka ne, makanikin manyan motoci, kuma tun tsakiyar shekara aka tura rundunarsu can. Sunan garin da suke ya ƙi zama a bakinta. Abin da ta riƙe kawai, ya ce mata ba su da nisa da iyaka.

Ta kira shi, wayar ba ta shiga ba. Ta sake kira. Ta tura saƙo a WhatsApp, alama ɗaya ta fito ta tsaya a nan.

Tsohuwar ta san labarin Haidar, har hotonsa ta taɓa gani. Ta kamo hannun Daso ta ce mata da Turanci kada shirun waya ya tayar mata da hankali. Mijinta ya yi yaƙin Vietnam, ta san yadda abin yake. Idan wani abu ya sami soja ba a waya ake faɗa ba, mutum biyu ake turowa cikin kaki su ƙwanƙwasa ƙofa. Muddin ba ta ga waɗannan biyun ba, ɗanta yana nan lafiya.

Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma sai wani tunani ya faɗo wa Daso. Ita tana nan Summerfield, wa ya san ko yanzu haka suna tsaye a ƙofar gidanta? Ta kira ofishinsu ta roƙi a turo wata ta karɓe ta. Tana ganin motar mai karɓarta ta shigo, ta ɗauki jaka ta fice, ko sallama ba ta yi wa tsohuwar ba.

A hanya ta kira mijinta, Malam Sanda. Ta san ba zai ɗauka ba, don a ɗakin ajiyar kayan da yake aiki a Wendover Avenue ba a shiga da waya, a loka suke barinta. Ta bar masa saƙo. Hasbunallahu take ta maimaitawa har ta hau Gate City Boulevard, ta wuce shagon da suke sayen manja da garin rogo, ta shiga harabar gidajensu. Ta duba motocin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Babu baƙuwa.

'Yarta Afnan, wadda ke shekarar farko a jami'a, tana falo da kwamfuta a cinya. Fuskarta kawai Daso ta kalla ta gane ta ji.

“Mommy, ya kashe location ɗinsa,” in ji Afnan. “Ko kuma an sa su kashe. I don't know.”

“Ki yi mini Hausa, Afnan. Kaina ba zai ɗauki Turanci ba yau. Wani ya zo?”

“Babu wanda ya zo.”

Ana haka Alima ta turo ƙofa da sallama. Maƙwabciyarsu ce, ƙofa na kallon ƙofa, 'yar zongon Kumasi, tana kitso a gida. Mijinta ya rasu, ita da 'yarta ɗaya suke zaune. Ta ga labarin a wayarta ta bar kan wata rabi a tsefe, ta ce ta dawo gobe.

“Ei, Maman Haidar, zauna mana. Kina rawar jiki kamar mai zazzaɓi.” Ta zaunar da ita, ta ɗebo mata ruwa.

Daso ta riƙe kofin ba ta sha ba. Tun da aka fara yaƙin nan a watan Fabrairu ba ta yarda ta saurari bayaninsa ba. Idan Malam Sanda ya kunna labarai, ɗaki take shigewa. Haidar ya ce mata su ba yaƙi suka je ba, tsaro ne kawai, ita kuwa ta riƙe wannan ta rufe kunnenta. Yau ta ji ba za ta iya ci gaba da rufewa ba.

“Afnan, ki faɗa mini gaskiya. Rasha da Ukraine ke faɗa. Me ya kai ɗana?”

Afnan ta rufe kwamfutar. Ta yi ta laluben kalmomi, inda Hausa ta ƙare mata Alima ta cike. Ta ce akwai ƙawancen ƙasashe talatin da ake kira NATO, Amurka ce babba a ciki, Poland ma tana ciki. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa shi saboda tsoron Tarayyar Sobiyet. Da Sobiyet ta wargaje, ƙasashen da a da suke ƙarƙashinta suka riƙa shiga ƙawancen ɗaya bayan ɗaya, don suna tsoron Rasha. Ita kuma Rasha ta ce ana matso mata da makamai har bakin ƙofa. Ukraine ta nuna tana son shiga, Rasha ta ce ba za ta saɓu ba. Da farko Rasha ta ƙwace wani yanki na Ukraine, sannan a bana ta afka mata gaba ɗaya. An ɗauka cikin ɗan lokaci za a ci babban birnin Ukraine, sai ga shi an kori sojojin Rasha daga can. Kwanan nan ma Ukraine ta karɓe wani babban gari a kudu, yau kuma Rasha ta yi ta ruwan makamai a kan biranenta tun safe.

“To ai Ukraine ba ta shiga ƙawancen ba,” in ji Daso.

“Ba ta shiga ba. Shi ya sa makamai kawai ake ba ta, ba a tura mata sojoji ba. Amma Poland tana ciki, Mommy. Kuma alkawarin da suka yi shi ne, in an taɓa ɗaya, an taɓa duka.”

“Duka talatin ɗin?”

“Duka.”

“Su kuma Rasha ba su da nasu?”

“Suna da su. Kuma kowane ɓangare yana da nukiliya.”

Daso ta tuna kakanta na wajen uwa, wanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Burma. Tana yarinya takan gan shi zaune a ƙofar gida a Fagge, in mota ta yi ƙara sai ya zabura ya kwanta a ƙasa, yara suna dariya. Har ya rasu bai san abin da ya haɗa Ingila da Japan ba. An ce masa dai abokan Ingila suna faɗa da abokan Jamus, shi ke nan aka sa shi a jirgin ruwa.

Ta tashi ta yi la'asar. Ta idar ba ta tabbatar raka'a nawa ta yi ba, ta sake. Daga nan ta ja kujera ta zauna a bakin taga, inda take hango harabar motoci daga bene. Alima tana ta janta da hira, ba ta ji. A talabijin wasu mutane masu kwat suna ta musu a kan ko Poland za ta nemi a cika mata alkawari. Motar makaranta ta sauke yara. Mai kai wasiƙu ya zo ya tafi.

Rana ta yi sanyi sai ga wata farar mota mai lambar gwamnati ta shigo a hankali, kamar mai neman lambar gida. Ta tsaya daidai ƙasan benensu. Mutum biyu suka fito, namiji da mace, dukansu cikin kakin soja. Macen tana riƙe da jaka a hammata.

Daso ba ta yi ihu ba. Ta miƙe, sai ta zame ta zauna a ƙasa.

“Mommy?” Afnan ta leƙa tagar, ta dafe bakinta da hannu biyu.

Suna jin takun takalmansu a matakala. Takun ya iso benensu ya tsaya. Aka ji an ƙwanƙwasa wata ƙofa, aka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Alima ta ce, “Kin ji ko? Ba nan ba ne.” Ba ta rufe baki ba takun ya juyo, aka buga tasu ƙofar.

“Kada ku buɗe,” in ji Daso, da muryar da ita kanta ba ta gane ba. “Don Allah kada ku buɗe. In ba a buɗe ba ba za su faɗa ba.”

Aka sake bugawa. Afnan tana kuka ta durƙusa ta rungume uwarta. Alima ta dube su, ta gyara ɗankwalinta, ta yi bismilla ta nufi ƙofar.

Sojojin biyu suna tsaye da murmushi. A bayansu Khadijah ce, 'yar Alima, da jakar makaranta a kafaɗa, kanta a sunkuye. Namijin ya gaishe su da ladabi, ya ce mahaifiyar Khadijah suke nema, an ce musu tana nan. Da idonsa ya kai kan matar da ke zube a ƙasa da hoton Haidar cikin kaki a bango, murmushin ya ɓace. Nan take ya gane abin da suka zata. Ya cire hula ya shiga ba da haƙuri, yana cewa su daga ofishin ɗaukar sababbin sojoji suke, ba su zo da labarin kowa ba, ba su san komai a kan ɗanta ba.

Afnan ta maimaita wa uwarta da Hausa, ta sake maimaitawa. Sai a lokacin kuka ya ƙwace wa Daso, irin kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Alima kuwa tana tsaye riƙe da ƙofa. “Ɗaukar sojoji? Wa za a ɗauka?”

Macen ta yi bayani. Khadijah ta je ofishinsu, ta yi jarrabawa ta ci da kyau. Da yake ba ta cika sha takwas ba, sai mahaifiyarta ta sa hannu. Khadijah ce ta ba su wannan ranar tun makon jiya.

“Khadijah,” in ji Alima, “dube ni.”

“Maa, na so in gaya miki. Za su biya mini makaranta, in yi nursing. Kin ce ba ki da halin...”

“Yau? Yau ɗin nan da duniya take shirin kamawa da wuta? Ba ki ga Antinki a ƙasa ba?”

“Ban san zai faru yau ba, Maa.”

Sojojin suka ce za su dawo wani lokaci, suka sauka da sauri. Alima ta saki ƙofar ta jingina da bango. Daso ta rarrafo ta kamo zanenta ta zaunar da ita kusa da ita, ta miƙa mata ruwan da Alimar ta ɗebo mata ɗazu. A haka Malam Sanda ya shigo a guje da rigar aiki, ya tarar da mata huɗu a ƙasa suna kuka. Ya dafa ƙofa yana salati, sai da Afnan ta yi ta ce masa, “Baba, ba shi ba ne, ba mu ji komai ba.”

Babu wanda ya ci abinci a gidajen biyu. Da gari ya waye labari ya sauya. Hukumomin Poland da na ƙawancen suka ce bisa dukkan alamu makamin na Ukraine ne, an harba shi don ya tare na Rasha ya kauce hanya. Ba za a ɗauke shi a matsayin hari ba. Malam Sanda ya ce alhamdulillahi, ya kuma yi wa manoman nan biyu da suka mutu a wurin busar da hatsi juyayi, ya ce su ma da iyalansu.

Wajen azahar wayar Daso ta yi ƙara. Haidar ne, fuskarsa ta cika allon, idanunsa jajur saboda rashin barci.

“Mama, lafiyata ƙalau. An hana mu waya ne jiya. Kin ci abinci?”

Ta ƙura wa fuskarsa ido. Sannan ta tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce bai sani ba, ana maganar ƙara musu wata uku. Ta tambaye shi ko abin ya wuce ke nan.

“Na jiya ya wuce, Mama,” in ji shi. Wani ya kira shi daga baya, ya ce zai sake kira.

Alima ba ta sa hannu ba. Ta yi fushi, ta yi lallashi, ta kai ƙarar 'yarta wurin limamin masallacinsu, Daso ma ta zaunar da yarinyar ta ba ta labarin abin da ta ji a cikinta ranar. Khadijah ta saurare su duka da ladabi. Haidar ya dawo lafiya bayan azumi, ya rame, ba ya son a tambaye shi komai. A watan da ya biyo baya Khadijah ta cika sha takwas, ta je ofishin da kanta ta sa hannu. Yaƙin kuwa yana nan bai ƙare ba ranar da Malam Sanda ya kai su filin jirgi Khadijah za ta tafi horon soja, Alima a gaba tana riƙe da jakar 'yarta a cinya, Daso da Khadijah a baya.