Ƙafar Wandon Sadauki

Yau ma tela ta farke ƙafar wandon ɗanta tana ƙara ƙyalle. Cinya na lilo a cikin wandon, amma da an zo bayan ƙwauri sai ya cije. Yaron da ko firamare bai shiga ba!

Mijinta ɗan dako ne, shi kam bakinsa har kunne. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga masa ƙafar yaron. "Taɓa ka ji, dutse! Jinina ne wannan." Shi ya laƙaba masa Sadauki.

Ita kuwa ta san wannan ɗinkin. Tana ƙarama ta sha riƙe wa mahaifiyarsu almakashi ana ƙara wa wandon yayanta irin wannan ƙyallen. Shi ma an yi ta yaba ƙafafunsa, har ranar da suka daina ɗaukarsa. Bai kai ga gemu ba ya rasu. A gidansu ba a tayar da maganar, ita ma ba ta taɓa gaya wa mijin ba.

Da yaron ya fara yawan faɗuwa a matakala, ta nace sai an je asibiti.

"Haba Maman Sadauki, ƙarfi ne ciwo?" in ji mijin. Amma ya bi ta.

Likita ta matsa tsokar ƙafar yaron. Ta ce a jikin mutum akwai ƙwayoyin gado masu ba tsoka umarnin ginuwa da gyara kanta. In ɗaya ta samu matsala sai tsoka ta riƙa lalacewa, kitse ya cike gurbin, ido ya ga girma alhali ƙarfi na tafiya. Akwai irin da uwa ke ɗauke da shi tana lafiya lau, sai ya bayyana ga ɗanta namiji.

"Sai an gwada jini za a tabbatar. A dangi an taɓa ganin haka?"

"Mu duk ƙarfafa ne, likita," mijin ya amsa yana bugun ƙirji.

Likita ta zaunar da yaron a ƙasa. "Tashi mu gani, jarumi."

Ya kifa, ya dafa ƙasa, ya turo ƙugu sama. Sannan ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan jikinsa kamar tsani, har ya miƙe yana haki yana dariya.

"Kin gani ko? Da kansa!" Mijin har da tafi.

Hawaye suka zubo mata. Ba ta iya kallonsa ba, likita ta kalla.

"Yayana ma haka yake tashi," ta ce.

Tafin ya tsaya.