Muryar da Barira Ta Ƙulle a Bakin Mayafi

Jiya da yamma Barira ta yi wani mafarki, kuma ba a kan gado ta yi shi ba. A zaune ta yi shi cikin a-daidaita-sahu, kanta jingine da ƙarfe, cunkoson Kabuga ya riƙe su kamar ba za a saki kowa ba.

Aikin Barira shi ne sayar da fitilar sola ta hanyar kiran waya. Tun safe ake ɗaura mata abin magana a kunne, kwamfuta ta yi ta kiran mutanen da ba su san ta ba, ita kuma ta yi ta lallashinsu. Kafin a tashi maƙogwaronta ya bushe ƙayau, ko sallama nauyi take yi mata. A gida kuwa akwai mahaifinta Malam Tanimu, tsohon tela, wanda ciwon ido ya raba da kekensa. Tun da idon ya rufe, da kunne yake ganin 'yarsa. A da in ta dawo, bakin tabarmarsa take zama ta kwashe masa labarin gari kaf. Yanzu in ya yi mata sannu da zuwa sai ta gyaɗa kai ta shige ɗaki, ta manta gyaɗa kai ba ya isa wurin makaho. Bai taɓa ƙorafi ba. Tsohon rediyonsa kawai ya sa aka gyara masa, ya riƙa ƙure shi. Abin yana cin Barira a rai ƙwarai, amma gajiya ba ta da kunya.

To, a mafarkin sai ta gan ta a ƙofar ofishinsu, an yi layi. Wata tsohuwa na zaune da ƙatuwar ƙwarya, irin ta masu koko. Duk wanda ya iso sai ya sunkuya ya juye muryarsa a ciki, tsohuwar ta gauraya ta da ta sauran, sannan ta auna masa ludayi guda na muryar kamfani ya kurɓe. Da ita zai yi aikin yini. In ta yi saura da yamma, tasa ce ya kai gida. Ba a taɓa jin wanda tasa ta yi saura ba.

Da layi ya zo kan Barira, sai ta faki idon tsohuwar ta ɗebi 'yar kaɗan daga tata muryar, ta ƙulle a bakin mayafi yadda ake ƙulle canjin cefane. Ta Baba ce, in ji ta a ranta. Yau ko ana ha-maza-ha-mata sai ta kai masa.

Manajan wurin kunkuru ne, da kwat da nakatayi. Aikinsa ɗaya, ya tsaya can ƙarshen ɗaki yana cewa a yi sauri. Shi ya kafa dokokin gidan, kuma ba su da yawa. Ba a gaida kwastoma, don gaisuwa cin murya gare ta, kuma ba ta sayar da fitila. Ba a katse wa kwastoma waya, sai shi da bakinsa ya ce ya saya ko ya ce ba ya so. Ban-ɗaki kuwa ba a hana kowa ba, illa dai ban-ɗakin ƙafa gare shi, yawonsa yake cikin unguwa, kafin ka kamo shi hutunka ya ƙare.

Kujerun ma da halinsu. In ka yi ciniki taka ta ƙara tsayi, in ka rasa ta lotsa. Akwai wani Ɗanliti da kansa ya riga ya fasa rufi, sai ƙafafunsa ake gani suna lilo, kowa na yi masa sam-barka. Kujerar Barira kuwa ta yi ƙasa har haɓarta na bisa tebur.

Ta fara kira. Duk wanda ya ce mata ba ya so, sai tsakuwa ta faɗo daga abin kunnen ta gangara cinyarta. In ya haɗa da zagi, dutse ne sosai. Ba a zubar da su, shara ake yi a tara, da su aka gina benen da manyan kamfanin ke zama. Kafin azahar cinyar Barira ta cika, amma ƙullin mayafinta na nan, lokaci lokaci tana taɓa shi ta ji ɗuminsa.

Ana haka sai ga raƙumi ya shigo, daga hedkwata aka turo shi auna farin cikin ma'aikata. Sikelin mahauta ya zo da shi. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗora su, ya leƙa allura ya taɓe leɓe. Wanda aka samu farin cikinsa bai kai ba, sai a ba shi hular kamfani da biskit, a sake ɗora shi, nauyi ya ƙaru, raƙumi ya ce alhamdu lillahi. Da aka zo kan Barira allurar ko motsi. Raƙumin ya tambaye ta a hankali ko akwai abin da take so. Ta ce tana so ta koma gida da magana a bakinta. Ya ɗan yi tuƙa, sannan ya ba ta haƙuri, ya ce wannan ba ya cikin abin da ya zo da shi, amma ga hula.

Rana ta yi sanyi, muryar kamfani ta kusa ƙarewa a wuyanta, sai kwamfuta ta yi kiran ƙarshe. Aka ɗauka. Can ƙasa ta ji rediyo na magana, aka rage shi, wani dattijo ya yi gyaran murya. Ko cikin kasuwa Barira ta ji wannan gyaran murya ta san mai shi.

"Malama, ke ce mai fitila?" in ji Malam Tanimu. "An ce mini duk mai son ya ji ki sai ya zama mai saye. To, ga ni na zo ciniki."

Hausawa sun ce in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Dattijon ya riga ya san dokar gidan: muddin bai ce ya saya ba, bai kuma ce ba ya so ba, ba mai raba shi da layin. Sai ya miƙe ƙafa ya shiga ciniki irin na mutanen da. Ta faɗi kuɗi, ya taya da abin da ko ashana ba zai saya ba. Ta ce albarka, ya ƙara kaɗan, ya koma ya rage. Ya tambayi launin fitilar. Ya tambaya ko haskenta fari ne ko irin na aci-balbal. Ya ce ta bayyana masa yadda take haska fuskar mutum, dalla-dalla, don shi ba ya sayen kaya cikin gaggawa. Barira na amsawa da muryar kamfani, mai santsi, wadda ba ta kowa ba ce, hawaye na ɗiga kan tsakuwoyin cinyarta.

Sai ludayin ya ƙare. Ta buɗe baki, ba komai sai iska.

Ba ta yi dogon tunani ba. Ta kwance bakin mayafi ta lashe abin da ke ciki. Muryarta ce ta ainihi, wadda take kai masa ƙarar yaran maƙwabta da ita tana ƙarama. Wannan murya ba ta san kuɗin fitila ba, gaisuwa kawai ta iya. Barira ta ce Baba ina wuni, ya jiki, ya ƙafar, an kawo maka ruwan zafi kuwa, ka sha maganin.

Kunkuru ya ji gaisuwa na tashi a ofishinsa, ransa ya ɓaci, ya taso a fusace. Nan kusa ne, amma ana sa ran isowarsa bayan salla. Raƙumi kuwa ya lallaɓo ya tura sikelinsa ƙarƙashin kujerarta, ya duba, ya sake dubawa, ya ce ikon Allah, duk jikin yarinyar nan ba nauyi sai kunne ɗaya.

"Lafiya lau, Uwata," in ji dattijon, don sunan mahaifiyarsa gare ta, ba ya faɗa. "Ashe kina nan. Ba ni labarin yau."

Ta fara. Ta ce Baba yau wani mutum, sai ƙullin ya ƙare, don daman ɗan kaɗan ne. Ta yi ta motsa baki. Ya ce yana ji, ta ci gaba. Ta gyaɗa masa kai da ƙarfi, ta sake gyaɗawa. Ya jira, ya jira. Can ta ji hannunsa na lalube a kan tabarma, ta ji ya ƙara sautin rediyo a hankali, kamar mai gudun kada ta ji haushi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta ɗauki dutse daga cinyarta ta hau buga tebur don ya san tana nan. Ƙwanƙwan, ƙwanƙwan, ƙwanƙwan.

Mai a-daidaita-sahu ne ke buga makulli a jikin ƙarfe.

"Hajiya, Ɗorayi fa. Ko a wuce da ke?"

Ta sauka, ta duba bakin mayafinta, ba ƙulli ba komai. Tun daga bakin lungu take jiyo rediyon. Malam Tanimu na kan tabarmarsa a tsakar gida, kansa a karkace wajen zaure. Ya ji takunta ya yi mata sannu da zuwa, har ya juya fuska, don ya saba ba a amsawa.

Barira ta ajiye jaka ta zauna bakin tabarma. Muryar ta dishe, kamar ana jan buhu a ƙasa, amma ta fito.

"Baba, ina wuni. Wani mafarki na yi a hanya, har da kai a ciki."

Dattijon ya miƙa hannu, ya lalubo rediyon, ya kashe.