Tsatsa Ya Ƙi Mutuwa

Shekara talatin da ɗaya Mai Zane ya yi yana zana mugun nan da ake kira Tsatsa a mujallar labaran hotuna, kuma ashirin daga cikinsu ya yi su ne yana neman hanyar kashe shi. Ran Litinin da safe ya hau matakalar ofishin mujallar, jaka a hammata, yana tsayawa a kowane hawa yana maida numfashi. A cikin jakar akwai shafi takwas na mutuwar Tsatsa, tawada ta bushe, ya sa hannu a ƙasa.

Edita, wanda shi ne na huɗu da ya zauna a kujerar nan tun zuwan Mai Zane, ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya yaba zanen, musamman inda jirgin ruwa ya nutse da mutumin. Sannan ya maida su jaka ya turo masa. Ya ce ba za a buga ba. Ba ma wannan kaɗai ba, kamfani ya yanke shawarar daga wata mai zuwa Tsatsa zai samu mujalla tasa ta kansa, da sunansa a bango. In Baba zai zana, to, madalla. In ba zai zana ba, an riga an ɗauki wata mai zane da ke aiki da kwamfuta, ga teburinta can ƙarshen ɗaki. Ya tuna masa a hankali cewa tun takardar da ya sa wa hannu yana saurayi, Tsatsa na kamfani ne.

"Mugu ne fa," in ji Mai Zane. "Ni na haife shi, na san halinsa."

"Baba, masu karatu sun ce ba mugu ba ne, rayuwa ce ta matsa masa."

"Wace rayuwa? Ai ni ne rayuwarsa."

Edita ya ba shi zuwa Alhamis ya yi tunani.

Da farko babu wannan rikici. Jarumin mujallar shi ne Garkuwa, mai faɗin ƙirji da fararen haƙora, shi kuwa Tsatsa an ƙirƙiro shi ne kawai don a samu wanda za a daka duk ƙarshen wata. Duk ƙarfen da ya taɓa sai ya ci, ya marmashe. Ya cinye gadoji, ya cinye layin dogo, ya taɓa cinye kekunan wani gari gaba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ana tsanarsa lafiya lau, yara na soke masa ido da biro, Mai Zane na barci da daɗi.

Wani tsoho a ɗakin buga takarda ne ya ɓata komai. A wancan zamani Mai Zane kan kawo hotunan kowane shafi a yanke, gida huɗu, tsohon ya manna su a kwali kafin a ɗauki hoto. Akwai wani shafi da Mai Zane ya bari ba rubutu ko ɗaya, don ya nuna gwaninta. Gida na farko, Tsatsa da mai rabon wasiƙu tsaye a kan gada, mai wasiƙun na murmushi don bai san wa ya tare shi ba. Na biyu, Tsatsa ya cafke shi. Na uku, ya rataye shi a bakin gada. Na huɗu, mutumin yana cikin ruwa. Ranar tabaran tsohon ya karye, kuma Mai Zane ya manta bai sa lamba a bayan hotunan ba. Sai aka manna su daga ƙarshe zuwa farko. Abin da duniya ta gani shi ne mutum na nutsewa, Tsatsa ya tsamo shi, ya rungume shi, suka tsaya a kan gada bawan Allah na murmushi.

Wasiƙu suka yi ta zuwa har aka nemi buhu. Mai Zane ya roƙi editan lokacin ya buga gyara, aka ce masa ba a taɓa sayar da mujallar kamar wannan watan ba, ya yi haƙuri.

Daga nan ya ɗaura ɗamarar nuna wa mutane gaskiya. Ya sa Tsatsa ya cinye ƙofar kurkuku don ya fitar da yaransa, masu karatu suka ce ai akwai waɗanda aka ɗaure bisa zalunci a ciki. Ya sa shi ya cinye bindigogin rundunar gari don ya shiga ya yi ɓarna, wani malamin makaranta ya rubuto shafi uku yana kiransa mai son zaman lafiya. Da aka matsa masa ya ba da labarin ƙuruciyar mutumin, sai ya ce bari ya wulaƙanta shi: ya zana shi ɗan shekara shida yana cin abinci da cokalin itace shi kaɗai a tsakar gida, domin ya taɓa keken ɗinkin uwarsa ya zama gari. Matar Mai Zane da kanta ta karanta ta yi hawaye, ta yini ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa Garkuwa, sai ya yi ta ja da baya, daga bango ya koma tsakiya, daga tsakiya ya koma shafin ƙarshe, inda yanzu yake tallar man goge baki.

Ran Laraba Mai Zane ya tafi kasuwa wurin yayansa, wanda ke da rumfar yanka makulli a gindin wani bene. Duk wanda ya ga fuskar Yaya ya ga ta Tsatsa. Tun suna yara Yaya ya taɓa kunna wuta da littafin zanen ƙaninsa, shi ya sa ranar da aka ce a kawo mugu, hannun Mai Zane bai yi dogon nema ba. Yaya ya yi shekara shida ba ya amsa masa gaisuwa. Amma tun bayan abin da ya faru a gada, ya liƙa hoton Tsatsa a saman injinsa, kuma in an kira shi da sunan yakan ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba.

Mai Zane ya zauna a benci ya zayyana masa komai, yana sa ran ko sau ɗaya za a tausaya masa. Yaya ya gama goge makullin da ke hannunsa, ya hura shi, ya ce shi dai bai ga dalilin da zai sa a nutsar da mutumin da ya tuba ba. Ya ƙara da cewa in an buɗe sabuwar mujallar a rage masa tumbi, a watan jiya an yi masa yawa.

"Yaya, ba kai ba ne fa."

"Auta, da can da ake soke min ido ni ne. Yanzu da ake gaishe ni ne ba ni ba?"

Mai Zane ya tashi ko sallama bai yi ba. A hanya ya yanke shawara: su riƙe kayansu, su da Tsatsa su ƙarata.

Ran Alhamis ya je da niyyar faɗin haka a taƙaice. Edita na kan waya, sai ya yi masa nuni ya jira. Ƙafarsa ta kai shi ƙarshen ɗaki, inda matar nan mai kwamfuta ke zaune. Ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta ce da zanensa ta koyi riƙe fensir, sannan ta juyo masa da allon don ya ga gwajin da ta yi.

Ya daɗe yana kallo. Aikin ya yi kyau, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Amma an miƙe wa Tsatsa hanci. An ba shi kafaɗu irin na Garkuwa. Yana tsaye a kan rufin gida iska na kaɗa masa riga, kamar mutumin da bai taɓa ciwon baya ba. Kunnensa na hagu kuwa an buɗe shi tas.

Ya tambaye ta ina lanƙwasar kunnen. Ta ce ta ɗauka kuskure ne da ya zama jiki. Ya ce shekara talatin da ɗaya ba a yin kuskure ɗaya. Kunnen yayansa ne, ƙofar mota ce ta datse shi, yana nan aka yi, shi ne ma ya riƙe ƙofar. Ya jawo farar takarda daga tirenta, ya zaro alƙalami daga aljihu ya nuna mata. Sai ya ga kunne ba zai zauna ba sai da kan, kan kuma ba zai zauna ba sai da wuyan nan da ke karkata gefe. Kafin Edita ya ajiye waya, Tsatsa na tsaye a takardar da tumbinsa da doronsa, yana harararsu duka.

Edita ya zo ya tsaya a bayansa. Mai Zane bai ɗaga kai ba ya ce zai zana, amma da sharaɗi. Mutumin zai ceci jama'a tunda haka ake so, sai dai ba zai yi wa kowa murmushi ba, kuma duk wanda ya ceta sai ya yi da-na-sanin haɗuwa da shi. Nan take ya fara shafin farko: lif, na'urar hawa da mutane sama, ya maƙale a wani dogon bene, hayaƙi na shiga, manyan mutane shida a ciki. Tsatsa ya ɗora hannu a ƙofar ta zube, ya fizgo su ɗaya bayan ɗaya. Agogunansu suka marmashe, makullan motocinsu suka zama ƙura, ga wani shugaban kamfani tsaye a baranda ƙarfen bel ɗinsa ya ci, ya riƙe wando da hannu biyu. Wannan, in ji Mai Zane, ya isa ya tuna wa mutane da wa suke hulɗa.

Matar ta rufe baki da tafin hannu, tana danne dariya. Edita ya cire tabarau ya goge ido, ya ce wannan shi za a sa a bango, kuma a ƙara yawan bugu, don mutane za su so shi fiye da da.

Mai Zane ya dube su, ya dubi takardar. Ya ja tsaki, ya ce a matsar masa da kwamfutar nan ta tare masa haske, a kuma kawo masa wata takarda.